Sai da Aka Raba Aikin Gidanmu Kafin Na Ci Jarrabawa

Assalamu alaikum. Ni 'yar Kano ce, kuma ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Mu shida ne: ni, sai maza uku a jere, sai mata biyu ƙanana. Duk macen da ta tashi babba a gidan talaka ta gane abin da wannan jerin yake nufi tun kafin in yi bayani. Ina ba da labarin nan ne saboda 'yan matan da ke sakandare yanzu, musamman waɗanda aka riga aka yanke wa hukuncin cewa kansu ba ya ja, da kuma iyayensu, don rabin maganar tasu ce.

Abbanmu yana da shagon takalma a kasuwar Sabon Gari. Ba mai kuɗi ba ne, amma muna cikin rufin asiri, ana ɗora tukunya sau uku, ana biya mana kuɗin makaranta, aikina a gida bai wuce shara da wanke-wanke ba. A firamare ina cikin na gaba-gaba, kuma hadda ce take ɗauke da ni. Islamiyya ta horar da kaina, in aka ba ni shafi in maimaita shi ya zauna, ranar jarrabawa in juye shi yadda yake. Har lissafi haka nake yi masa, in haddace misalin da malam ya yi a allo, in an yi sa'a irinsa ya fito in ci. Ba wanda ya lura da haka tunda sakamako yana kyau.

A watan Maris na 2016, ina aji huɗu na sakandare, gobara ta tashi cikin dare a kasuwar Sabon Gari ta cinye dubban shaguna. Namu yana ciki. Abba bai tsira da ko silifa ɗaya ba, kuma yawancin kayan da suka ƙone na bashi ne, ya karɓo a hannun diloli da niyyar in ya sayar ya biya. Da hantsi ya dawo gida rigarsa tana warin hayaƙi, ya zauna a zaure bai ce wa kowa uffan ba. Daga nan hawan jini ya kama shi. Yana fita yana buga-buga, amma mutumin nan mai raha da muka sani, mai shigowa da tsire a takarda yana tsokanar yara, ya daɗe bai dawo mana ba. Aka cire ni daga makarantar kuɗi aka mai da ni ta gwamnati ta jeka-ka-dawo. Umma kuma ta fara sana'ar awara.

Mai sayen awarar hamsin a ƙofar gida bai san yawan hannun da ta ci ba. Tun dare ake jiƙa waken suya. Ana idar da sallar asuba zan ɗauki bokiti in tafi markaɗe, in tarar da layi, in babu wutar nefa kuma sai an jira mai injin ya tayar da na mai. In na dawo mu tace ƙullin, mu ɗora a babbar tukunya, a tsaya a kanta don kada ta yi bori, a zuba ruwan tsami, in ta haɗe a kwashe a ƙyalle a ɗaure a danne da dutse. Duk wannan ruwa yake ci, kuɗin 'yan ga-ruwa kuwa babu, sai in ɗauki jarka in bi layin burtsatse. Kafin in yi wa ƙannena mata wanka in saka kayan makaranta, takwas ta gota. Kusan kullum a bakin ƙofar makaranta nake fara ranata, cikin 'yan makara, ana tsallen kwaɗo ko tsintar leda. In an tashi in dawo in tarar da girkin dare yana jirana, da la'asar a fitar da kasko ƙofar gida, ni ce a gabansa har bayan isha'i. Islamiyya dai na bar ta ba tare da kowa ya ce in bari ba.

Ƙannena maza fa? Suna makaranta, suna Islamiyya, suna ƙwallo a filin unguwa. Ba na ganin laifinsu. Ba wanda ya taɓa ce musu su ɗauki bokiti, ni ma kaina bai taɓa zuwa raina cewa aikinsu ba ne.

Akwai wata malama da take son mu ƙwarai. Wata rana ta zana mana jadawalin karatu a allo: huɗu zuwa shida na yamma bitar darasin ranar, takwas zuwa goma na dare aikin gida da karatu, sannan barcin awa takwas. Ta ce duk wadda ta bi wannan ba za ta faɗi ba, kuma na yarda gaskiya ta faɗa. Na kwafe shi da rula da jan biro, na manna a bangon ɗaki da ƙullin tuwo. Sai dai huɗu zuwa shidan da ta rubuta, ni lokacin ina juya awara a mai, takwas ɗin kuma ina kankare kasko. Kullum in na shigo ɗaki na kalli takardar nan sai in ji na tsani kaina. Abin da na ɗauka shi ne ni malalaciya ce. Ban yi tunanin cewa an zana jadawalin ne don yarinyar da lokacinta yake hannunta ba.

Da na ga rana ta ƙi, sai na koma dare. A Kano ana yin jarrabawar kwalifayin a aji biyar, wanda ya ci gwamnati ta biya masa kuɗin NECO, kuma na san in ban ci ba zancen ya ƙare, don ba mu da kuɗin biya. Ƙawaye suka koya min dabaru: a haɗa Nescafé mai kauri ba madara, a tauna goro, a tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi don kada barci ya zo. Duk na yi. Sai kowa ya kwanta in kunna tocilan ɗin wayar Umma, in buɗe littafi in yi ta bin layi da ido har ɗaya ko biyu na dare, kuma asuba tana yi bokitin markaɗe yana jirana. A aji kuwa barci nake. Nan malam zai yi bayanin abin da zan kwana ina fama da shi ni kaɗai, ni kuma kaina yana kan benci. Ciwon kai ya zama abokina, ga zafin ƙirji. Kwalifayin dai na tsallake da ƙyar, da ragowar haddar da nake da ita, sai hakan ya ƙara tabbatar min cewa hanyar da nake bi daidai ce.

A 2018 muka zauna NECO. Ranar lissafi ba zan manta ta ba. Na buɗe takarda na ga tambayoyin duk kamar na san su, na taɓa ganin fuskarsu, amma an canza lambobi, an juya tambayar ta wata fuska. Na rubuta dokar da na haddace a saman takarda, na zauna ina kallonta, ban san inda zan saka me ba. A Turanci kuma na ɓata lokaci a kan wasiƙa ina gogewa ina sakewa, aka ce a ajiye biro ban taɓa ɓangaren taƙaitawa ba.

Da sakamako ya fito na je kafe da kuɗin kati a ƙulle a bakin hijabi. Ga wanda bai sani ba, daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit, kuma babbar makaranta tana neman kiredit biyar, dole da Turanci da lissafi a ciki. Na samu a bayoloji da Hausa da addini da ilimin zama ɗan ƙasa. Turanci D7, kimistiri E8, lissafi F9. Yaron kafen ya miƙo min takardar yana kawar da kai. Na taho gida a ƙasa don kada in yi kuka a cikin adaidaita sahu. Umma ta karɓi takardar ta juya ta, ba ta iya karantawa, ta dubi fuskata ta gane. Ta ce, “Allah ya sa haka ne mafi alheri.” Ba ta ƙara komai ba. Umma tana kunyata irin ta ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zaunar da ni ta rarrashe ni. Da la'asar aka fitar da kasko kamar kullum.

Shekara biyun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu sosai. Ƙawayena wasu suka shiga makarantar koyon jinya, wadda ita ce burina tun ina ƙarama, wasu suka yi aure. In na hango su tafe sai in sunkuyar da kai kan kasko. Wani kawunmu ya zo da shawarar a yi min rajista a wata santa a ƙauye, inda ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo, ya ce 'yarsa a can ta samu tara cif. Abba ya ce ba da shi ba. Zan so in ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana mu, amma kuɗin da suka yanka ma ya fi ƙarfinmu, kuma ni a lokacin da an biya da na tafi. Wani mutumin kirki ya fito neman aurena, Umma tana so, na ce a ɗan dakata min. Ya dakata iya yinsa, ya auri wata. Umma ta yi kwanaki ba ta sake min fuska ba, kuma ban ga laifinta ba, baki ɗaya ne zai ragu a gidan.

Sai ga korona. A watan Afrilu na 2020 aka kulle Kano, azumi ya zo ya same mu a kulle. Ba kasuwa, ba waken suya, ba mai sayen awara. Mun ji yunwa a lokacin nan, amma a karon farko tun bayan gobara na wayi gari ba bokiti a hannuna. Na zaro tsofaffin littattafaina daga ƙarƙashin gado na karkaɗe. Na zauna a tsakar gida ina yi musu irin karatun da na saba.

Abba yana kan tabarma a gefe da carbinsa, don shi ma ba wurin zuwa. Ya daɗe yana kallona, can ya ce, “Wai ke tun ɗazu me kike yi ne?”

Na ce, “Karatu nake, Abba.”

Ya ce, “A'a, kallon takarda dai kike. Rufe ki biya min.”

Dariya ta kusa ƙwace min. Abba bai yi boko ba ko na rana ɗaya. Almajiri ne, an kai shi gabas yana yaro, ya yi shekaru a tsangaya a ƙasar Barno kafin ya shiga kasuwa. Na ce masa ai da Turanci ne. Ya ce ba sai ya ji Turanci ba, in faɗa masa da Hausa. Babin zuciya da zagayawar jini nake kai, a bayoloji, darasin da nake taƙama na ci. Na rufe littafin na fara zubo jimlolin Turanci yadda suke a rubuce. Ya ɗaga hannu ya ce da Hausa ya ce. Na ce zuciya tana da ɗaki huɗu, tana tura jini zuwa huhu. Ya ce, “To, jinin da ya tafi huhun, me ya je yi?” Na yi shiru. Na san kalmar da ke littafin, na san ma a wane gefen shafi take, amma in faɗa wa mahaifina da harshen da muke magana abin da jini yake zuwa yi a huhu, na kasa. Ya ce, “Buɗe ki duba, ki rufe, ki sake faɗa min.” Na duba. Na ce yana zuwa ne ya sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauko mai kyau, ya dawo zuciya ta ɓangaren hagu, ita kuma ta harba shi sauran jiki. Ya gyaɗa kai ya ce yanzu ya ji, kuma ashe shi ya sa likita yake ce masa zuciyarsa tana aiki da ƙarfi fiye da kima. Ranar ce na fara ganin ya yi wata magana mai tsawo tun 2016.

Daga ranar ya ɗauke ni ɗalibarsa, ya ɗora ni a kan tsarin da aka ɗora shi a tsangaya. Sabon karatu, wanda yake kira ƙari, bayan sallar asuba ne, lokacin kai bai ɗauki hayaniya ba, kuma kaɗan ne, abin da bai wuce shafi biyu ba. Ni da na saba cinye babi uku a dare sai na ga kamar wasa yake. Ya ce a wurinsu ba a wanke allo sai abin da ke kai ya zauna, kuma ba a yi wa almajiri ƙari sai ya biya na jiya. Saboda haka kowace safiya kafin in buɗe sabon shafi sai na rufe littafi na faɗa masa na jiya. Da la'asar kuma tilawa ce, a koma kan na makon da ya wuce da na watan da ya wuce. Ya ɗauko tsohon littafinsa na bashi, wanda ya tsira don a gida yake ranar gobara, ya ba ni shafukan baya. Kowane babi in rubuta sunansa, in na biya shi daidai ya sa in yi masa alama, in na yi tuntuɓe ya ce a bar shi a buɗe, bashi ne, za a dawo masa jibi. Karatun dare ya soke shi gaba ɗaya. Ya ce abin da nake yi a baya ɗiban ruwa ne da kwando. Alhamis kuma ba karatu, ya ce ko almajiri yana da Alhamis.

Abin yana da wuya fiye da yadda yake a faɗe. Bin layi da ido yana da daɗi, don mutum yana jin kamar ya sani. Rufe littafi kuwa tona asiri ne, kullum sai ka ga iyakar abin da ke kanka, a gaban mutum kuma. Sau da yawa na tashi daga tabarmar nan raina a ɓace.

Da aka fara sassauta kulle, Umma ta auno waken suya, ni kuma gabana ya faɗi, don na san asubar da nake ƙari ita ce asubar markaɗe. Ban ce komai ba, na ɗauki bokiti. Abba ya ce in ajiye. A daren ya tara mu duka, abin da bai taɓa yi ba, ya raba aiki da bakinsa: babban cikin mazan shi ne markaɗe, na biyun ruwa, na ukun wanke tukunya da kasko da kai saƙo. Ni tacewa da girkin rana da suya, amma daga asuba zuwa bakwai da rabi, da kuma awa ɗaya bayan la'asar, ko gobara ake kada wanda ya kira ni. Da kalmar gobarar ya faɗa, ba wanda ya yi dariya.

Ba a karɓi abin da daɗi ba. Mazan suka yi ta kumbure-kumbure, abokansu suna yi musu dariya a layin injin, an taɓa zubar da ƙullin a hanya gaba ɗaya. Gwaggonmu ta zo ta ce an mai da maza mata saboda bokon da aka riga aka faɗi. Umma ba ta musa wa Abba ba, amma ta yi lissafinta a fili: awar nan ta bayan la'asar ita ce lokacin da 'yan Islamiyya da masu dawowa daga aiki suke saye, ita kuma ba ta fita ƙofar gida. Ƙarshe aka rage yawan waken da ake jiƙawa, ciniki ya ragu, Umma ta rage zubin adashinta, miyarmu ta ƙara tsinkewa. Ina so a ji wannan da kyau, don masu ba da shawarar tsara lokaci ba sa faɗarsa. Awa ukun nan da na samu ba daga sama suka faɗo ba, kuma ba ƙwazona ne ya samar da su ba. Daga barcin ƙannena aka yanko su, da aljihun mahaifiyata.

Lissafi shi ne tsarin Abba bai iya masa shi kaɗai ba, don ba a biya shi da baki. Allah ya haɗa ni da wata 'yar maƙwabtanmu da ke karatu a Jami'ar Bayero, tana zaune a gida saboda yajin aikin malaman jami'a da ya kai har Disambar shekarar. Na kai mata tambayoyin shekarun baya na ce ta koya min. Ta ba ni wasu ƙananan tambayoyi tukuna, ta duba abin da na yi, ta ce, “Yaya, matsalarki ba ta aji shida ba ce. Ba ki iya haɗa rabi da sulusi ba, kuma lamba mai alamar ɗebewa tana ruɗa ki.” Ta ce in nemo littafin lissafin firamare. Na ƙanwata na ɗauka, ina da shekara ashirin, ina ɓoye shi a cikin hijabi in zan tsallaka gidansu. Wata biyu muna kan abin da ya kamata in sani tun ina 'yar shekara goma. Dokarta ita ce ba a karanta lissafi, yin sa ake: in kalli misali ɗaya, in rufe, in yi shi da hannuna, sannan in yi biyar irinsa da ba a yi min ba. Wanda na faɗi in rubuta dalilin faɗuwar a gefe.

Lamba mai alamar ɗebewa kuwa a wurin Abba na gane ta. Ya ji ina ta fama, ya tambayi mece ce, na ce lamba ce da ta gaza sifili. Ya ce, “Bashi kenan. Wanda ake bi dubu biyar, ya samu dubu uku ya kai, nawa ya rage a wuyansa? In kuma ya sake ciwo na dubu huɗu fa?” Ya ce wannan lissafin shi ya fi kowa saninsa a unguwar nan. Riba da faɗuwa da kaso cikin ɗari kuwa kafin in gama rubuta tambayar ya ba ni amsa da ka, sai dai in yi ta neman hanyar da ya bi.

Turanci na gane rabin matsalata agogo ne. A WAEC ana son rubutun da ya kai kalma 450, ga fahimtar nassi, ga taƙaitawa, duk a zama ɗaya. Lissafi kuma tambaya 50 ne na zaɓi cikin awa ɗaya da rabi, sannan a amsa goma na rubutu cikin awa biyu da rabi. Sai muka mai da Asabar ranar gwaji. In zauna da takardar wata shekara, Abba ya riƙe waya yana duba lokaci, in ya ce a ajiye biro ko ina tsakiyar kalma sai na ajiye. Ba ya ɗaga ƙafa ko ta minti ɗaya. Ranar Lahadi in kai wa maƙwabciyata ta duba.

Kuɗin rajista bai samu ba sai 2021. Ranar da Umma ta kwashi adashinta ta ƙulle kuɗin a leda ta ba ƙanwata ta ce, “Kai wa yayarku.” Ko kallona ba ta yi ba. Na zauna WAEC ta masu zaman kansu a ƙarshen shekarar. A daren jarrabawar lissafi na so in raba dare, Abba ya karɓe littafin ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, in je in kwanta. Na samu C5 a lissafi, C6 a Turanci, C4 a kimistiri. Ba sakamakon da za a buga a jarida ba ne, amma da aka haɗa da na 2018 ya isa, tunda ana karɓar zama biyu. Fiziks bai ba ni kiredit ba, don haka jinya ta wuce ni, kuma har yau in na ga masu farin kaya ina jin wani abu. Na yi JAMB a 2022, ranar ce ma na fara zama gaban kwamfuta da sunan jarrabawa, na samu gurbi a kwalejin ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, ina karanta bayoloji.

A can ne, a darasin halayyar ɗalibai, aka koya mana cewa wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya yi bincike a kan mantuwa ya wallafa a 1885. Ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum zai manta yana zubewa ne da wuri, a sa'o'i da kwanakin farko, kuma bitar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Na dawo na ba Abba labari. Ya tambaye ni ko mutumin ya sauke, na ce ban jin ya yi, ya ce to ai da ya zo Barno da an taƙaita masa wahala.

Da na je koyarwar gwaji a wata makarantar 'yan mata, na tarar da su a bencin baya, kawunansu a kife tun darasi na biyu. Ba na dukansu. In an fita tara nakan kira yarinya in tambaye ta ƙarfe nawa ta tashi, me ta yi kafin ta zo. Wata ƙosai, wata tallan koko, wata rainon ƙanne huɗu don uwar tana aikatau. Akwai kuma waɗanda waya ce ta cinye musu dare, su ma ina gane su, kuma maganarsu daban ce. Na koya musu rufe littafi da biya wa juna da Hausa, wannan kam ba ya cin kuɗi, har a gaban kasko ana iya yi in akwai mai saurare. Lokacin ne ba ni da ikon ba su. Na gwada aika wa iyaye biyu saƙo. Uwa ɗaya ta zo, ta saurare ni har na gama, ta ce, “Malama, na ji, kuma ina so ta yi karatun. To wa zai yi min?” Ba miji, ba ɗa namiji babba. Ban sami abin ce mata ba, sai muka tsaya a kan rabin awa bayan asuba, ran da ya yiwu.

A gidanmu ma maganar ta dawo sabuwa. Abba ya samu tebur a bakin shagon wani amininsa yana sayar da takalma, yana fita tun safe, mazan biyu suna bin sa. Ƙanwata mai bin su tana aji biyar, kwalifayin yana gabanta, kuma bokitin markaɗe ya dawo hannunta ba tare da kowa ya ce ta ɗauka ba. Na karɓi markaɗen Asabar da Lahadi da duk ranar da ba ni da lacca da safe. Sauran kwanakin muna kan magana da ƙaramin cikin mazan, ya ce zai yi in za a bar masa kuɗin cajin waya, Umma kuma ta ce ba za ta biya ɗan da ta haifa ladan aikin gidansu ba.